Rantsuwar Hajj a Kan Tantabara

Wata baiwar Allah ta rubuto min ta akwatin sirri, wai, "Basant, tunda ke kin yi, ba ni shawara, in yi ko in fasa?" 'Yar uwa, ni ba likita ba ce, malamar firamare ce a Mansura ta ƙasar Masar. Da hannu ɗaya ma nake danna miki wannan rubutun, ɗayan an maƙala masa robar ƙarin ruwa. Shawara kam ba ni da ita. Amma gyara zama ki ji abin da ya same ni ranar Juma'ar da ta wuce, sai ki yi wa kanki hisabi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da shida, nauyina kilo ɗari da sha takwas ne kafin abin da zan faɗa muku. Ban taɓa shiga motar haya ba a yi min tsaki ba. A haka Wa'il ya gan ni a bikin wata abokiyar aikina, a haka ya ce yana so. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a Kuwait, sau ɗaya yake zuwa gida a shekara. Ranar da na ce masa, "Wai kai ba ka ga girmana ba ne?" dariya ya yi ya ce, "Da sandar rake nake nema ai da gona zan tafi."

Matsalar daga shagon zinare ta faro. Wata shida da suka wuce iyalan biyu muka je zaɓen zinaren baiko. Zobe ya shiga da ƙyar. Da aka zo kan awarwaro sai ta tsaya cak a ƙashin hannuna. Mai shagon ya sa min leda, ya murza, ya ja, ya kawo mafi girman da yake da ita, ita ma ta ƙi. Ina ɗaga kai na ga Tant Sabah, wato Anti Sabah, mahaifiyar Wa'il, ta kau da fuska, ta miƙe ta fice daga shagon, ta tsaya a bakin titi ta ba mu baya.

Ko mayafi Mama ba ta cire ba da muka koma gida.

"Kin gani ko? Matar nan ko kallonki ta kasa yi! Wallahi in ba ki tashi tsaye ba sai ta raba ki da yaron nan. 'Yar Madam Su'ad ta hawa na biyu an yanke mata tumbi, ga ta can kamar ba ita ba."

"Mama, tiyata ce fa."

"To, mutuwa ce? Huda huɗu ne kawai, kwana biyu kin dawo gida."

Wata huɗu tana min wannan waƙar, safe da yamma. In na miƙa hannu zan ƙara gurasa sai ta yi ajiyar zuciya. Ƙarshe na gaji, na bi ta wurin likita, aka ba mu rana.

Saura mako guda a yi, muna waya da Wa'il, na ɗan jefa masa maganar a fakaice, wai wata ƙawata ce za ta yi. Na san yana da yaya mai suna Hanan da ta rasu shekara uku da suka wuce, amma gidansu ba a faɗin abin da ya kashe ta. Ranar ya faɗa min. Wannan tiyatar ce. Ɗinkin ya yi yoyo a ciki, ba a gane da wuri ba.

"Basant, ki rantse min ba za ki taɓa bari wuƙa ta taɓa ki a kan ƙiba ba."

Na rantse masa. Katin asibitin yana cikin jakata a lokacin, da kwanan wata da komai. Ku zage ni, na cancanta. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Nawa kam babu gaskiyar a ciki, kuma an huda shi har wuri huɗu.

Da na faɗa wa Mama labarin Hanan, cewa ta yi, "Kowa da ajalinsa. Ba zai dawo ba sai nan da wata huɗu, kafin nan kin warke. Ki ce masa tafiya kike yi da shan lemon tsami."

Babu wanda ya gaya min yadda rayuwar take bayan an yi. Abin da ya rage min na tumbi bai fi ayaba ba. Ruwa ma kurɓi-kurɓi nake sha, in na yi gaggawa sai ya tokare min ƙirji. Cokali uku na romo, na ƙoshi har wuya, amma idona bai ƙoshi ba. Ƙanshin soyayyar albasa daga maƙwabta sai ya tayar min da zuciya. Ranar da aka yi kifi a gidanmu, banɗaki na shiga na kunna famfo na yi kuka. Likita ya kafa min doka: babu abu mai tauri sai bayan mako shida, babu ɗaukar ciki sai bayan shekara ɗaya da rabi. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwo a kafaɗar hagu, kada ki jira gari ya waye. Ki zo da gudu."

Kwana sha takwas da yin aikin, ranar Alhamis da la'asar, ina kwance da yogot a hannu, saƙo ya shigo.

"Gimbiya, kina ina?"

"Gida. Kai fa, an tashi daga aiki?"

"Leƙo ta baranda."

Wallahi cokalin sai da ya faɗi. Na leƙa, ga Wa'il tsaye kusa da mai gasa masara, da farar riga, yana ɗago min hannu yana dariya. Hutun mako biyu ya samu, ya ce zai ba ni mamaki. Ya kuwa ba ni.

Da ya hau sama ya daɗe yana kallona. Kilo sha ɗaya ba ya ɓuya.

"Kin yi rashin lafiya ne ba ki faɗa min ba?"

Mama ta cafe tun kafin in buɗe baki. "Wace rashin lafiya, ɗana? Tafiya take yi bakin kogi kullum, ta bar gurasa da zaƙi. Amarya ce fa."

"Hmm," kawai ya ce. Da zai tafi ya juyo daga bakin ƙofa. "Af, Baba ya ce gobe bayan Juma'a kuna gidanmu. Tun jiya ya ware tantabarun da za a yanka."

Da safiyar Juma'a na tashi da wani ciwo a kafaɗar hagu. Ba mai tsanani ba, kamar dai an danna min babban yatsa an ƙi ɗagawa. Na faɗa wa Mama tana guga.

"Kwanciya ce. Kullum a wannan gefen kike kwana. Sha maganin ciwon kai ki shirya, kada ki jawo mana abin faɗe."

Na sha. Na so in yarda da ita, shi ya sa na yarda. Na ɗaura ɗamarar ciki a kan filastocin, na sa doguwar rigata ruwan zuma mai aikin zare a wuya, wadda Mama ta kame min da allurai ta ciki don ta yi min yawa. Na yafa farin mayafi, na shafa hoda mai yawa saboda fuskata ta yi fari fat. Zoben baikon ya fara yawo a yatsana, sai na naɗa masa zare ta ƙasa. Mun shirya dabararmu tsaf: Mama za ta zauna kusa da ni, duk abin da aka zuba min ta riƙa janyewa cikin farantinta, ga kuma leda a jakata.

A mota Wa'il sai zuba yake, yana tuƙi yana tsokanata.

"Ki shirya cikinki fa. Baba ba ya jin kalmar 'na ƙoshi'. Kuma don Allah kada ki bari ya rantse."

"Rantsuwa kuma?"

"Da saki yake rantsuwa, irin mutanen da. Sau biyu yana sakin Mama a kan baƙi. Na farko wani ɗan uwansa ya ƙi kwana, na biyu wani dillalin dabbobi ya ƙi cin abinci. Limaminmu ya ce masa irin wannan rantsuwar kaffara kawai ake yi, shi kuwa ya ce maganarsa ba ruwa ba ce da za ta bi rariya. Duk sau biyun sai da Mama ta tafi gidan kawu aka je biko." Ya yi dariya. "Yanzu saura igiya ɗaya. Duk ƙauyen an sani, shi ya sa ko guba ya miƙa wa mutum sai ya shanye."

Mamata ta yi dariya. Ni kuwa na ji zuciyata tana bugawa har cikin kunnena, na ce wa kaina tsoro ne kawai.

Tun daga nesa ake hango ɗakunan tantabarun Hajj Abdulgani, mahaifin Wa'il, dogaye guda biyu na laka a bayan gidan. Shi da kansa ya tare mu a ƙofa, ƙato, da jallabiya ruwan toka da gashin baki fari.

"Maraba da amaryarmu! Gida ya yi haske!" Sai ya tsaya, ya ƙare min kallo. "Subhanallahi. Ummu Basant, yunwa ake yi a Mansura ne? Ina sauran yarinyar?"

Aka yi dariya. Tant Sabah ta fito daga kicin tana goge hannu a gefen baƙar rigarta. Ta sumbace ni a kumatu biyu, kuma na ji ta ɗan daɗe da kuncinta a jikin nawa. Ta sake ni ta juya ciki abinta. Na ce a raina, matar nan har yau ba ta ƙaunata.

An shimfiɗa abincin a ƙasa, a babban falo. Agwagwa biyu, shinkafar gashi da madara da man shanu, miyar lalo, ganyen kabeji naɗe da shinkafa an jera kamar yatsu, sai wani babban tire a tsakiya da tantabaru sun kai ashirin, an cusa musu alkama har sun kumbura, fatarsu tana ƙyalli. A bango, daidai inda zan fuskanta, hoton wata budurwa ne mai cikar fuska da baƙin ƙyalle a kusurwarsa. Ba sai an gaya min ko wace ce ba. Kumatunta irin nawa ne na da.

Na nufi kusa da Mama, Hajj ya daka min tsawar wasa.

"Ina! Amarya a hannun damana take zama. Zo nan, 'yata."

Shi ke nan, dabara ta rushe. Mama tana can ƙarshen shimfiɗa, jakata da ledar suna kan kujera. Wa'il yana gefen babansa na hagu, Tant Sabah tana fuskantata.

Na ja kwanon romo na fara kurɓa. Ɗaya. Na jira. Biyu. Na ajiye cokalin ina juya shi a cikin kwano don a ga kamar ina ci. Duk lokacin da na ɗago sai in ga idon Tant Sabah a kaina. Ba fuskata take kallo ba, hannuna take bi.

Hajj ya zaɓo tantabarar da ta fi kowacce ƙiba, ya ɓare ta da hannunsa, tururi ya tashi, ya dire min a faranti.

"Wannan tun tana ƙwai na sa mata sunanki. Bismillah."

"Ammu," na ce masa, wato baffa, "wallahi na ƙoshi, romon nan ya..."

"Romo abinci ne? Ci!"

"Cikina ne yake ɗan damuna tun safe."

"Maganinsa ke nan. Tantabarata ta tayar da wanda likita ya sallama."

Sai Wa'il ya sa baki, da niyyar ya cece ni, bawan Allah. Yana dariya ya ce, "Baba, ƙyale ta mana. Rage ƙiba take yi saboda rigar biki."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskar Hajj gaba ɗaya. Ya ajiye gurasar hannunsa a hankali. Ya kalli hoton bango, ya dawo da idonsa kaina, sun kaɗa sun yi ja.

"Rage ƙiba," ya ce. "A gidana. Da wannan maganar aka fara, har na ɗauki 'yata a kafaɗata na kai ta rami." Muryarsa ta fara rawa, sai ya ɗaga ta don ya ɓoye. "Ba za a sake yi min ita a gida ba! Ku shaida, in yarinyar nan ba ta cinye tantabarar nan tas ba, Sabah ta saku!"

"Baba!" Wa'il ya yi ƙara.

Amma magana ta riga ta fita. Wa'il ya juyo gare ni, yana murmushin dole.

"Yi haƙuri, Basant. Guda ɗaya ce. Cinye kawai a wuce wurin, don Allah."

Na kalli Mama. Ita kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashin rigata, ita ta riƙe min hannu aka tura ni ɗakin tiyata, da kunnenta ta ji dokar likita. Na jira ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, ta ce, "Ci mana, Basant. Loma nawa ce?"

Wannan maganar ta fi min ciwon kafaɗar zafi, kuma har yau ban gama yafe ta ba.

Ku gaya min, ya zan yi? In na ƙi, auren shekara talatin da huɗu ya mutu a kan farantina, mutuwar da babu biko. In na faɗi gaskiya, Wa'il ya san na rantse masa a kan ƙarya, a gaban hoton yayarsa. In na ci, Allah kaɗai ya san abin da ɗinkin zai yi. Gaba kura, baya sayaki. Sai na zaɓi wanda babu mai gani.

Na yago tsoka 'yar ƙarama da alkama a jikinta, na sa a baki. Na tauna, na tauna, har ta zama ruwa, na haɗiye. Ta sauka kamar tsakuwa, ta tsaya a ƙirjina. Zufa ta karyo min. Wani abu ya soke ni daga ƙarƙashin haƙarƙari ya harba har kafaɗa, falon ya fara juyawa.

"Yauwa 'yata!" in ji Hajj. "Ƙara!"

Na yago ta biyu. Na kusa kai ta baki, sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Tant Sabah ce ta miƙo hannu ta saman tiren.

"Ajiye."

"Tant, ba komai, zan iya..."

"Na ce ki ajiye."

Ta janye farantin daga gabana, ta miƙe da shi.

"Sabah," Hajj ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin ji abin da na rantse. Kin san saura nawa."

"Na sani, Hajj. Ni nake ƙirga su."

Ta taka har taga, ta kife farantin a tsakar gida. Muna ji kyanwoyi suka rufa a kai. Ta dawo ta durƙusa a gabana, ta ɗora tafinta a goshina, sannan ta danna yatsu biyu a wuyana. Hannunta yana warin tafarnuwa, kuma sanyi ƙalau.

"Kwana nawa?"

Na kasa ƙarya. "Sha tara."

"Kafaɗar fa, tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Na sani. Tun da na sumbace ki na ji zafin jikinki. Sau bakwai kina kai hannu kafaɗar nan, ina ƙirgawa, ina ce wa kaina sharrin ido ne." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Haka Hanan ta yi ta yi. Na ce mata kwanciya ce, na shafa mata man zaitun, na ce ta bari sai gobe."

Mama ta saki wani ƙaramin sauti ta toshe bakinta.

"Ranar shagon zinare kin zaci ƙyamarki na yi ko?" in ji Tant Sabah. "A shagon nan awarwaro ta ƙi shiga hannun Hanan. Ni na ce mata ta kunyata ni a gaban mutane. Ni, da bakin nan nawa. Da na ga taki ta tsaya, kasa kallo na yi, shi ya sa na fita."

"Kwana sha tara da me?"

Wa'il ne. Yana tsaye, ban san lokacin da ya miƙe ba. Ya kalli uwarsa, ya kalle ni, ya kalli inda hannuna yake dafe da ciki. Na ga lokacin da ya gane. Da ma ihu ya yi, da ya fi min sauƙi.

"Kin rantse min," ya ce.

"Ba yanzu ba!" Tant Sabah ta daka masa tsawa. "Ɗauko mota! Ka yi fushinka bayan ta rayu!"

Wa'il ya ɗauko mota muka nufi asibiti. Gudu kawai yake, yana danna ham, kaina a cinyar mahaifiyarsa. Likita ya ce ɗinkin ya ɗan buɗe, kuma tun kafin tantabarar ya fara yoyo. Ya ce da na kwana da shi a gida, da wani labarin ake yi. Aka sake shiga da ni.

Yau kwana biyar. An ce zan tashi, in sha Allahu, amma ko ruwa sai jiya aka yarda in jiƙa leɓe. Mama tana zuwa da safe, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta iya haɗa ido da ni. Ma'aikaciyar jinya ta ce Wa'il ya tsaya a waje har aka fito da ni, ya tambaya ko zan rayu, aka ce masa e, ya juya ya tafi. Na tura masa saƙo goma sha ɗaya. Duk ya buɗe. Ɗazu na ga alamar yana rubutu, ta daɗe tana motsi, sannan ta ɓace. Jirginsa na komawa Kuwait ranar Alhamis ta sama ne, zoben kuma yana cikin aljihun jakata don ya daina zama a yatsana ko da zaren.

Wadda ba ta matsa daga gefena ba ita ce Tant Sabah. A kujerar roba take kwana. Da farko na zaci kulawa ce kawai, sai shekaranjiya da ake share ɗakin aka jawo wata tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gadona, an ɗaure ta da igiyar shanya. Hajj ne ya aiko mata da kayanta. An ce yana kuka ya ɗaure ta da hannunsa, amma ya ɗaure.

Na ce, "Tant, saboda ni fa. In an sallame ni ina za ki?"

Ta tsoma auduga a kofi, ta matso da ita bakina.

"Tantabara ɗaya aka ce in zaɓa ko 'ya ɗaya," ta ce. "Wancan karon, a kan Hanan, ba a ba ni zaɓi ba. Buɗe bakin, a hankali."